Duwatsun Yaya Yaji Sun Shiga Murhu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1996, Allah ya karɓi ran yayana Yaji Saleh, masanin duwatsu, a gidanmu na Dogo Nini.

Yaya, ina wannan rubutu ina kuka, ina kuma jin haushinka. Shekara da shekaru kana yawo a kwazazzaban Fika kana faso dutsen yashi kana cika mana zaure. Sai ka ɗiga masa ruwa ka tsaya kallon yadda yake sha, ka ce dutsen da ke shan ruwa haka zai iya riƙe mai da iskar gas a ƙarƙashin ƙasa. Har sunsuna shi kake yi, 'yan unguwa suna raɗa wai ka taɓu. Amma duk makiyayin da zai haƙa rijiya wurinka yake zuwa, ka bi shi har ruga ka nuna masa wuri, ko nono ba ka karɓa.

Sau nawa na ce ka sa wa duwatsun nan alama? Sai ka taɓa kanka ka ce, "Murjanatu, duk suna nan." Jera su kawai ka yi, kowanne bisa zurfin da ya fito. To ga shi ka tafi da kan naka!

Ranar sadakar uku na fito na tarar mata sun kwashe su kaf sun kafa murhu. Na sa ihu. Gwaggo Hansatu ta dube ni ta ce, "Ke, dutse ai dutse ne. A kan me za mu dafa wa masu gaisuwa?" Kafin a sauke tukwane wasu duwatsun sun farfashe, sauran sun yi baƙi ƙirin.

Jiya abokan aikinka suka zo daga jami'a za su kai duwatsun gwaji, abin da ka daɗe kana jira. Suka tambaye ni wanne ya fito daga ina. Wallahi sai baƙaƙen duwatsun murhu na nuna musu. Suka yi mana gaisuwa, suka juya da mota ba komai.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka Hawwa'u da yara haƙuri. Shinkafar da aka dafa a kan duwatsunka, jama'a sun ci sun yi maka addu'a. Allah ya karɓa, Yaya, don iyakar abin da wahalarka ta bari ke nan.