Jariran da Ba Su da Kati

Ni ce ta farko da aka kai lekkol a gidanmu, kuma ba don Baba yana son boko ba ne. Shago gare shi a kasuwar Tamanrasset, yana sayar da lalle da turare da atamfar da yake sarowa daga Damagaram, kullum 'yan dowan, masu karɓar kuɗin fiton kaya, suna miƙa masa takardun da ba ya iya karantawa. Da ya gaji, ya ce a kai wannan mai bakin tsiyar ta koyo. Bayan Faransawa sun tattara nasu ya nasu sun tafi, ƙaramin asibitin da ke kusa da unguwarmu ya rasa mai rubutu, aka ɗauke ni. Shekarata sha takwas, ina jin Hausa da Faransanci da Larabci, ina tsintar Tamahak, yaren Buzaye, ga ni da rashin haƙuri.

Aikin buro ɗinmu, wato ofishin rubutu, ba shi da wuyar faɗi. Kowane majiyyaci yana da kati. Likita ya rubuta cutarsa da kalmomi, mu kuma mu buɗe wani littafi mai kauri na Faransanci, wanda kowace cuta take da lambarta a ciki, mu sa lambar a kusurwar katin. Ƙarshen wata a tattara lambobin a takarda guda, jirgi ya kai arewa, can babban birnin ƙasar. Mutanen arewa ba su taɓa ganin majiyyatanmu ba. Lamba kawai suke gani, da ita suke yanke maganin da za su aiko mana da kayan aiki.

Shugaban buro wani dattijon Balarabe ne da muke ce wa Shef. Ya daɗe yana yi wa soja rubutu, dokarsa guda ce: ba suna, ba kati. Mu kuwa jaririnmu ba ya samun suna a fili sai ran bakwai. Uba zai sa a yi masa huɗuba, amma ko za ka kwana kana roƙo ba zai faɗa maka sunan ba. Saboda haka duk jaririn da aka kawo kafin suna, a katin uwarsa ake rubuta shi. Na tarar ana yi, na bi, ban taɓa tambaya ba.

Sai da abin ya shigo gidanmu. Yayata ta haifi ɗanta na fari ran wata Litinin. Ran Alhamis cibiyarsa ta yi ja, ya ƙi kama nono, cikinsa ya kumbura yana sheƙi, ko taɓawa aka yi sai ya ƙwalla ƙara. Muka kai shi. Likitanmu wani saurayi ne baƙo, mai ƙoƙari. Ya ce ƙwayar cuta ta bi ta cibiya ta kama tantanin da ya lulluɓe hanji, a bakinsu faritonit. Ya buɗe akwatin allurai, duk na manya ne. Ina tsaye ya yi ta neman jijiya a hannun da bai fi yatsana kauri ba, har gumi ya jiƙa masa riga. Yaron ya rasu ran Asabar da hantsi. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida.

Bayan kwana uku na koma aiki, na zaro katin Yaya. Ga rubutun likita, ga lambar da Shef ya sa. Na buɗe littafin na bi ta da yatsa. Lambar kumburin cikin mai jego ce. Wato a idon mutanen arewa Yaya ce ta yi ciwo, kuma tun da katinta ya nuna an sallame ta da ƙafarta, ai ta warke. Yaron bai zo duniya ba, balle ya bar ta. Can wajen ƙarshen littafin kuwa akwai babi guda na cututtukan sababbin haihuwa, shafukansa fes, ba wanda ya taɓa yi musu datti.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye wa Shef katin a kan teburi da ƙarfin da ya sa shayinsa ya fantsala.

Na ce, "Shef, wannan lambar ƙarya ce."

Ya ɗago a hankali ya ce da Larabcinsa, "Ya binti, 'yata, kati na mace ne, ta haihu kwana huɗu, an rubuta faritonit. Wace lamba kike so in sa? Kawo mini sunan yaro in buɗe masa kati."

Likita ya ji hayaniya ya leƙo. Nan ya faɗi abin da ya ƙara tunzura ni: ya sha rubuta wa arewa yana neman ƙananan allurai da siraran robobi na jarirai, amsa ɗaya suke ba shi, cewa takardarmu ta wata ba ta nuna jarirai masu wannan ciwo ba. Abin da suka aiko mana shi ne allurai na manya da wasiƙar gargaɗi ga ungozoma ta riƙa wanke hannu.

Na je wa mijin Yaya ya gaya mini sunan huɗuba. Ya sunkuyar da kai ya ce in bar maganar. Baba ya ce, "Ke dai ba ki da kunya. An rufe yaro, kina bin sunanshi?" Amma ban haƙura ba.

Inna ce ta warware mini, ba ta ma san ta yi ba. Wata la'asar tana ninke 'yan zannuwan jaririn za ta sa a adaka, sai na ji ta ambace shi da sunan da ake kiran duk namijin da aka haifa ran Litinin.

Na ce, "Inna, wa kike kira haka?"

Ta ce, "Mi kike tambaya? Ran Litinin ya zo, ai da sunanshi ya zo."

Da safe na riga Shef zuwa buro. Na ɗauki sabon kati na rubuta sunan ranar, na biyo da sunan uba, na sa kwana huɗu a gurbin shekaru, na nemo lambar a babin jarirai. Shef ya zo ya gyara tabarau ya karanta.

"Wannan suna ne?"

Na ce, "Ka shiga kasuwa ka kira shi da ƙarfi, ka ga mutum nawa za su waiwayo. Wasu ma da gemu."

Ya daɗe yana kallona. Daga baya na gane ba mugu ba ne, doka yake so a cika masa, ni kuwa na cika. Ya ɗauko hatimi ya buga.

Daga nan ba na bari ko ɗaya ya wuce. Na kwashe tsofaffin katunan masu jego, na zauna da ungozomarmu, wata tsohuwa mai kaifin tuni, muna warewa. Ita za ta ce wannan mace ce, ran kasuwa ta zo, wancan namiji ne, ran Juma'a. 'Ya'yan Larabawa da na masu Tamahak, har wanda aka sauko da shi daga ƙauyen Tahifet a kan jaki, duk na raɗa musu sunan rana. Likita ya ce na mai da jariran gari Hausawa ba da shawarar iyayensu ba. Ya sa hannu a takardar gyara, jirgi ya tafi da ita.

Wata ya bi wata, shiru. Yaya kuwa ta sake samun ciki. Duk jirgin da ya sauka sai na fita bakin ƙofa ina duban motar kaya, Shef yana yi mini tsiya wai ko miji nake jira. Cikin Yaya na wata takwas akwatin ya iso. Ba babba ba ne, ni kaɗai na ɗauke shi. Ciki akwai allurai sirara kamar ƙayar dabino, da robobin da ake zurawa ta hanci, da kwalaben magani, da takardar awon jarirai.

Ran wata Laraba Yaya ta haifi mace. Na kafa na tsare a kan cibiyar nan, na hana a shafa mata komai, har muka yi cacar baki da Inna. Duk da haka ran Lahadi da safe na ga jan nan, na taɓa cikin na ji ya yi tauri. Ban jira mijinta ba. Na saɓa yarinyar, Yaya na bina tana salati.

Wannan karon likita bai yi gumi ba. Ya aske ɗan gashi a gefen kanta, ya sa siririyar allurar a jijiyar, sau ɗaya ta shiga. Ya zura roba ta hanci ya zuƙe abin da ya taru a ciki. Ya ce ba ya yi mana alkawari, sai dai mu yi addu'a. Kwana biyu tana kwance kamar tsumma. Ran suna aka yanka rago a gida ba jaririya, mata suka zo ba su san ko barka za su yi ko jaje ba. Washegari cikin ya fara saki. Ran Juma'a ta kama nono, ta ja da ƙarfi har Yaya ta ce wayyo, tana dariya tana hawaye. Guɗar da ungozoma ta rangaɗa sai da masu jiran layi suka miƙe tsaye.

Ran sallama Shef da kansa ya miƙo mini katin da alƙalaminsa, wanda ba ya ba kowa. Na rubuta sunan yanka a ƙarƙashin na rana, a gurbi na ƙarshe na rubuta ta warke. Sunan yankan dai bai kama ta ba. Yau tana da jikoki, da sunan Larabar nan kowa yake kiranta.

Yaya na tsaye a ƙofar buro da goyo. Ba ta taɓa yi mini maganar na farin ba tun da aka rufe shi. Ta dubi akwatin katunan ta ce, "Shi fa? Yana ciki?"

Na zaro katinsa na ba ta. Ba ta karatu, ta dai riƙe shi da hannu biyu.

Na ce, "Shi ne na farko, Yaya. Shi ya aiko wa ƙanwarshi da allurar."