Tukunyar da Ta Hana Valmai Tafiya

Valmai Koschel ta cika shekara saba'in da shida a bana, kuma tun 1988 ba ta taɓa yin kwana uku a jere nesa da gidanta ba tsakanin Nuwamba da Maris. A waɗannan watannin ne zafi yake ƙona yankinmu na Mallee, a cikinsu ne kuma hadari kan taso ba sallama ya zubar da ruwan rabin sa'a. Kowa a garinmu Lameroo murna yake yi da wannan ruwan. Valmai kuwa fita take yi ta jawo fallayen kwano ta rufe kunyoyinta.

Furen airis take nomawa, amma ba wanda ake gani a gindin kowace katanga ba. Nata 'yan busasshiyar ƙasa ne, asalinsu duwatsun Turkiyya da Iran da Jodan. Saiwarsu kamar citta take, barci take yi duk lokacin zafi, in ruwa ya same ta a cikin barcin nan sai ta ruɓe. Ana gane su da wani ɗan farin nama da yake manne a wuyan ƙwayar irinsu.

A gonar alkama aka haife ta, manomin alkama kuma ta aura, Lindsay. Shekara ashirin da shida tana tuƙa motar 'yan makaranta, a nan muka saba, don ni nake koyar da lissafi a makarantar. Har yau Malama take ce mini, ni kuma in ce mata Yaya. Saiwoyinta na farko guda biyar, da aka aiko mata ta gidan waya, ita ta kashe su da hannunta. Ta ga ganyensu ya bushe a watan Disamba, tausayi ya kama ta, ta yi ta ba su ruwa. Daga nan ta koyi barin su da ƙishirwa. Da Lindsay ya rasu ta sayar da gonar, ta riƙe gidan da filin da ke bayansa.

Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: tsiron da ba a san uwarsa da ubansa ba, ba shi da wurin zama a filinta. In ta ɗebi garin wani fure ta shafa wa wani, nan take za ta kankara sunayen biyun a jikin guntun kwano da ƙusa, don rana tana cinye tawada. Duk wanda ya fito da kansa a gefen shinge ko gindin tankin ruwa, tuge shi take yi. Na taɓa ce mata ai wataƙila ya yi kyau.

Ta ce, "Kyau? Malama, ke kina ba yaro maki in ya kawo amsa babu aiki?"

'Yata Nerida likitar dabbobi ce. Bayan ta dawo gida da aiki sai ta kamu da ciwon Valmai, har suka koma musu kamar sa'o'i. A Satumban 2014 Nerida ta haɗa wasu furanni biyu da Valmai ta rantse ba za su karɓi juna ba: ɗaya baƙi wuluk, ɗaya fari mai siraran jijiyoyi ja. Suka karɓa. Ƙwaya bakwai ta samu. Ta shuka su ɗanyu a tukunyar ƙasa ranar tara ga Disamba, ta kankara sunanta a kwanon. Ranar goma sha ɗaya ta rasu a hanyar Adelaide. Shekarunta ashirin da tara.

Irin waɗannan furannin ba ya gaggawa. Wani ya tsiro a shekarar farko, wani sai ya shekara shida, Valmai ta taɓa ganin wanda ya kai goma. Shi ya sa masu wannan noman ba sa zubar da tukunya. Ta Nerida tana kan katako a gefen rumfar Valmai, an rufe bakinta da ragar waya. Duk Afrilu, in ruwan farko ya sauka, nakan je in duba. Valmai ta ɗora shayi, ta fito da biskit ɗin citta, mu tsaya a kanta. Tsakuwa kawai.

Ana haka ƙugun Valmai ya soma ba ta wahala. Ƙanwarta Coral, da ke Ballina a bakin teku, ta gina mata ɗaki a bayan gidanta, babu matakala ko ɗaya. A Ballina kuwa lokacin zafi ne ake tafka ruwa, saiwa ɗaya ba za ta kai labari ba. Valmai ta amince za ta koma. Ta shekara biyu tana rabar da furanninta, kowanne da kwanonsa, har kunya goma sha huɗu ta koma uku. Amma ranar tafiya ta ƙi tsayawa. Wata rana ina zaune Coral ta kira, muryarta har tsakar gida.

"Yaya, ɗakin nan fa gizo-gizo ya fara biyan haya. Yaushe?"

"Bayan Afrilu."

"Bara ma haka kika ce. Ke dai kin auri ciyawa, ciyawar ma mai ƙin ruwa. In kika faɗi a bayan tankin nan wa zai gan ki? Hankaka?"

"Hankakan nan sun fi ki ladabi."

Ta ajiye wayar tana dariya, amma sai da ta dafa tebur da hannu biyu kafin ta miƙe. A ranar na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun tuni. Ba kunyoyi ukun ba ne suka riƙe ta. Zuwana ne na kowane Afrilu.

A Mayun bara na ce mata ta ba ni tukunyar in kai gidana, ita ta tafi.

Ta ce, "Ke? Za ki ba ta ruwa ranar Kirsimeti don tausayi."

"Ki rubuta mini dokokin, Yaya. Na iya bin doka."

Ta ce to, amma sai an sauya ƙasar, ta tsufa, kuma gara mu ƙirga ƙwayoyin mu san nawa suka rage. Ta shimfiɗa jarida a kan tebur, ta ɗauko rariyar gari. Muka riƙa zuba ƙasar kaɗan-kaɗan muna murzawa da yatsa. Ƙwayar ta kusa girman wake, ba ta ɓuya. Muka tace sau biyu. Babu ko ɗaya.

Na ce, "Sun ruɓe ke nan."

"In sun ruɓe ɓawon yana nan. Ɓawon ba ya narkewa."

Ta zauna. Idonta yana kan ƙafar katakon, inda tururuwa suke hawa da sauka a layi.

Ta ce, "Nerida ta ce gobe za ta kawo raga, tawa ta ƙare. Ni kuma ban sa ba sai bayan jana'iza. Kwana tara tukunyar nan tana buɗe."

Ta yi mini bayanin abin da duk mai wannan noman ya sani. Farin naman nan na wuyan ƙwaya abincin tururuwa ne. Sukan ja ƙwayar zuwa gidansu, su cinye naman, su yar da sauran a bakin rami ko a ƙarƙashin ƙasa. A can take tsirowa, in ta ga dama. Gidajen tururuwa a filin Valmai suna gefen shinge da gindin tanki.

Ban yi tambayar ba. Ita ta ba da amsar.

"Duk shekara ina tuge biyu ko uku a wurin. Shekara takwas."

Muka fita, tana dogara sanda. A gindin tankin, kusa da wani rami, akwai tsirrai uku da ba ta kai ga tugewa ba saboda ƙugun ya hana ta durƙuso. Kowanne ganye biyu, siriri, lanƙwasasshe kamar lauje. Na tambaye ta ko za ta iya ganewa.

"A ganye? Duk haka suke. Sai ya yi fure in ga baƙin tabon da ke ƙarƙashin gemunsa, wato gashin nan na bakin furen, in ga jijiyoyin. In na Nerida ne zan sani, na san uwar na san uban. Shekara uku, ko huɗu."

"Mu tone su in kai gida."

"Yanzu in kika taɓa su sun mutu. Kuma bakwai ta shuka. Wa ya san nawa suke ƙarƙashin ƙasar nan ba su farka ba?"

Na ce mata ta tafi Ballina. Na ce Nerida ba za ta so a ɗaure kowa saboda ita ba, kuma wataƙila tsirran nan na wani furen ne dabam. Duk gaskiya ne. Amma na ji yadda muryata ta fita, ita ma ta ji.

Ta ce, "Malama, ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa yara suke tsoronki. Kuma ba don ke ba ne. Ni na tuge su."

Da yamma ta kira Coral. Ban ji abin da suka ce ba, na dai san Coral ta zuba kayan ɗinkinta a ɗakin da ta gina wa Valmai.

Yanzu Valmai ba ta tuge komai. Gefen shingen ya cika da tsirrai marasa suna, goma sha ɗaya a ƙirgar ƙarshe, kowanne ta kafa masa kwanon da ba a kankara komai a kai ba. Da can kunyoyi kawai take rufewa, yanzu har gidajen tururuwa, kuma ba ta iya ɗaga fallen kwano ita kaɗai. In hadari ya haɗo ta yamma sai ta kira ni. Tsakanin gidana da nata tafiyar minti bakwai ce a mota. Ni ma tun Nuwamba ban kwana a wani gari ba.