Gwiwar Inna a Kwamfuta

Shekara uku Inna, mahaifiyata, tana sallah a kan kujerar roba, kuma kullum sai ta harari kujerar kafin ta zauna. Gwiwarta ta dama ce ta ƙi lanƙwasuwa. Matan layinmu na Sabo babu maganin da ba su kawo ba, har da wani man jimina da na tabbata bai taɓa haɗa hanya da jimina ba. A ƙarshe muka sa ta a keke mai ƙafa uku sai asibiti, tana mita tun daga Mokola, nan bakin unguwarmu.

Likitan, wani Bayarabe mai haƙuri, ya juyo mana da kwamfuta. Ga ƙashi fari fat yana juyawa shi kaɗai. Ya ce an auna gwiwoyin mutane da yawa, aka fitar da siffa ta tsaka-tsaki da yadda kowa ke saɓa mata. Na'urar za ta dubi hoton gwiwar Inna, ta ƙara nan, ta rage can, har siffar ta zama tata, sannan ta nuna masa inda zai yanka ya sa ƙarfe.

Ni abin ya burge ni. Inna kuwa ta ɗaure fuska.

"Su waye mutanen?"

"Ba a faɗin sunayensu, Mama."

"Suna sallah?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Haba Inna!"

"Rufe min baki. In 'yan zaman kujera kaɗai suka auna, gwiwar kujera za su sa min, abi? Ni sujada nake so."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce tambayar na kan hanya, zai yi iya yinsa, amma sujada bai yi alkawari ba. Maganar ta tsaya min a rai.

Aka yi aiki. Watanni tana motsa ƙafa tana yi wa mai koya mata faɗa. Wata la'asar na shiga ɗakinta na tarar da goshinta a kan darduma, ko motsi babu. Na jira, shiru. Na kurma ihu na kama kafaɗarta, ta buge min hannu.

Da ta sallame, da ƙyar na ɗaga ta. Fuskarta sharkaf da hawaye.

"Ke wace irin 'ya ce?" in ji ta. "Na daɗe ban zo ba, magana ta taru, kin zo kina ja na."