Maɗinkin Rigunan Gwamnoni

Da yaƙin basasa ya ƙare, Gimba maɗinki yana cikin waɗanda suka fara komawa Anacha, daga shi sai keken ɗinkinsa da matarsa Zuliha. Suka kama ɗaki kusa da Kasuwar Ose Okwodu. Kasuwa ta buɗe, kuɗin mai ya shigo ƙasa, amma abu ɗaya ya hana Hausawan unguwar sakat: maƙabartarsu ta cika maƙil.

Saboda haka duk gwamnan da aka yi, sai dattawa su ɗauki rago da babbar riga su tafi gaisuwa Inugu, su roƙi fili. Gimba ke ɗinka rigar kyauta, mai aikin aska takwas, wata biyu yana kashe idonsa a kanta. Gwamna na farko ya sa, aka yi hoto, ya ce za a duba. Na biyu, soja, ko dubawar bai kai ga yi ba aka ɗauke shi. Zuliha takan tsokani mijinta cewa ya suturta gwamnoni, shi kuwa tasa rigar duk faci.

Da siyasa ta dawo, ɗan takarar wata jam'iyya ya zo da kansa, ya kai su bayan gari, ya nuna fili da sandarsa, ya ce nasu ne in ya ci. Ma'aruf mai albasa ya ce a nemi takarda. Gimba ne ya taso masa: "Babba ya yi magana a gaban liman, ka ce ya rubuta? Ai rashin kunya ne." Suka sha rana a layi suka zaɓi ɗan takarar, ya kuwa ci.

Bayan shekara biyu Zuliha ta rasu. Gimba ya ɗebi masu haƙa suka nufi filin. Suka tarar an zagaye shi da waya, ga bulo jibge, ga allon kamfanin wani jigon jam'iyyar. Mai gadi ya ce su nuna takarda.

Gimba ya juya da masu haƙa. An ci amanarsa, ya sani, amma abin da ya fi ƙona masa rai, shi da kansa ne ya hana a karɓi takardar shaida.

Ma'aruf bai yi masa gori ba. Ya je ya roƙi wani direba da ya gama sauke albasa. Da la'asar aka shimfiɗa Zuliha a bayan motar aka nufi arewa, ita da aka haifa a Anacha, iyayenta duk suna kwance a can. Gimba ya ƙi zama a gaba. Ya zauna kusa da kanta, yana ta ba ta haƙuri har suka haye gada.