Motar da Na Sa a Taɓo Kafin In Saya

Damina biyu bayan an ba mu jihar Jigawa, ciwon ƙirji ya kama Inna a ƙauyenmu da ke bayan Sara. Motar da muka aro ta kafe a fadama, sai a amalanke muka kai Inna bakin titi, tana nishi. Tun ranar na ƙudurta cewa ba zan sayi mota ba sai wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja.

Na same ta wajen wani dillali a Birnin Kudu, doguwa mai wurin kaya a baya. Yayana ne ya raka ni, shi da ya daɗe yana jigila zuwa Kano. Dillalin ya nuna mini agogon tafiyarta.

"Duba nan, Malam. Ko Makka ba ta kai ba da za a miƙe hanyar. Amarya ce."

Ni dai iyakata firamare, amma na san lamba ana goge ta a rubuta wata. Kuma ba lambar ce damuwata ba. Na ce, "Alhaji, mu je da ita fadamar Sara."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Mota kake saye ko kwalekwale? Kowa zagayen kasuwa yake yi ya dawo."

Yaya ya ja ni gefe. "Kada ka ba ni kunya. Mutumin nan tare muke sallah. Ka ce ƙarya yake yi ke nan?"

Ban taɓa musu da Yaya ba. Na yi ta tunanin ko na ci zarafin bawan Allah, ko in ta lalace a can hakkin yana wuyana. Amma nishin Inna ya fi ƙarfi a kunnena.

"Ban ce ƙarya yake ba, Yaya. Na ce ban gani ba. In ta ɓaci ni zan wanke da hannuna. In ba za ta je ba, a bar cinikin."

Dillalin ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai tsoro da taurin kai a jiki ɗaya ba. Amma ya ɗauko makulli.

Da muka isa fadamar na ƙi zama a ciki. Na naɗe wando, na tsuguna a gefe, na ce dillalin ya shiga da ita. Ta nutsa har gindin ƙofa, ta yi gurnani. Na zuba wa ƙafar gaba ido: tana watsa taɓo. Ta baya ma haka. Na zagaya ɗaya ɓarin na ce a sake, don biyu kawai na gani. Yaya ya dafe kai.

Ta haye sau biyu. Muka koma Birnin Kudu na wanke ta tas kamar yadda na yi alkawari, sannan na ce na saya.

Har yau a tasha in an ga mai yawan bincike sai a ce ya je ya tsuguna a fadama. Su yi ta faɗa. Cikin watan takwas ciwon ya dawo wa Inna ana tsaka da ruwa, kuma a ƙofar ɗakinta ta shiga mota.