Ranar da Damagaram ta Zo Gonar Iliyasu

Iliyasu Tanko shekararsa arba'in da ɗaya. Manomi ne da damina, mai facin tayar keke da rani a bakin kasuwar Matameye, kuma shi ne mai tsaron gida na kowace ƙungiyar ƙwallon ƙafa da aka taɓa kafawa a unguwarsu. Biyar aka kafa, babu wadda ta rayu. "Ni nake raɗa musu suna, ni nake kai su makwanci," in ji shi.

Ba rigima ke kashe su ba. Filin wasan gonar Iliyasu ce ta gado, a gefen hanyar Kurni, don ita kaɗai ce shimfiɗaɗɗiya babu gawo a tsakiyarta. Da damina gero ke ciki. Sai an yi girbi an kwashe kara ake kafa sanduna, kuma daidai lokacin ne samari ke ɗaure kaya su tafi cirani Kano da Kaduna. Kakar wasan unguwar ke nan, daga rufe rumbu zuwa tashin mota.

Ta farko, Guguwa, ta ƴan lakwal ce, wato ƴan makarantar boko, ta buga da ƴan garin Dungu sau biyu ta sha kashi sau biyu. Ta biyu da ta uku ko shi kansa yakan rikita sunayensu. Ta huɗu ta zo ne bayan sojoji sun karɓi mulki sun farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, aka ce kowace unguwa ta fitar da ƙungiya, har aka ba su riguna masu lamba. Rigunan suka bi masu su cirani. Wani ya dawo ya ce ya ga lamba tara tana tura kurar ruwa a Fagge.

Abu ɗaya Iliyasu ya daɗe yana nema: ƙungiya daga Damagaram ta zo har Matameye ta buga da su, mutum goma sha ɗaya cif a kowane gefe. Farin 1984 ne ya kusa ba shi. Gero bai fito ba, gona ta zauna fili fetal. Da shekara ta zagayo Najeriya ta kori baƙi, iyaka kuma a rufe, sai ga duk ƴan wasansa sun dawo, babu aiki, babu wurin zuwa. Bai taɓa samun fili da ƴan wasa lokaci guda ba sai a shekarar yunwa. Suka kafa ta biyar, suka sa mata Walƙiya, ko da yake gudunsu na masu kunu sau ɗaya a yini ne. Sarkin samari ya yi ta kai da komowa har wata ƙungiya ta yarda za ta zo ranar Lahadi bayan ƙaramar Sallah, da la'asar.

Ranar Lahadin da asuba aka yi ruwa, irin wanda aka shekara biyu ba a gani ba.

Matarsa Shekara ta tono tulun da ta binne a ɗaki. Irin gero ne, wanda ta hana kowa taɓawa duk tsawon yunwar, kuma babu wani bayansa.

"Malam, ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu."

"Gobe, in Allah ya kai mu. Yau muna da baƙi."

"Gobe rana ta shanye ta. Baƙin naka ne za su ciyar da mu?"

Ya ɗauki bokitin toka ya tafi ya zana layukan fili. Ya jira ƴan wasa. Hamisu, mai cin ƙwallonsu, ya wuce ta hanya da sungumi a kafaɗa, ya ɗaga hannu bai ko rage tafiya ba.

"Kai Hamisu! Wasan fa?"

"Ka tsare gidan, Baba Gola, in mun gama muna zuwa!"

Babu wanda ya zo sai Shekara, ƙwarya a ka, sungumi a hannu. Iliyasu ya ce to, a shuka bayan layi, wannan ba ya cikin fili. Shi yana sara, ita tana zuba iri tana rufewa da diddige. Da suka gama ya dubi kusurwoyi ya ce ai tun da aka kafa Guguwa ƙwallonsu bai taɓa kaiwa can ba. Suka shuka kusurwoyi. Daga nan gefe da gefe, don ƴan gefen Walƙiya ba su da ƙarfin gudu. Bayan azahar ya ce tsakiya ma ba a cika tsayawa a ciki ba. Shekara dai iri kawai take zubawa.

Lokacin da kamiyon Damagaram, babbar motar ƴan wasan, ya tsaya, abin da ya rage na filin ɗan fegi ne a gaban sanduna. Samari suka diro da takalma masu ƙusa. Kyaftin ɗinsu ya dudduba.

"Baba, ina filin?"

"Kana tsaye a kai. Ɗan matsa, ka taka mini layi."

Suka yi dariya har direba. Don kada a ce sun zo a banza, Iliyasu ya ajiye sungumi ya shiga tsakanin sanduna, mutum biyar suka buga masa daga bakin shuka. Duk biyar suka shiga. Wannan ne kaɗai wasan da unguwar ta taɓa yi da Damagaram, kuma yana faɗin sakamakon ba tare da ragi ba. Kamiyon na juyawa Iliyasu ya sare ɗan fegin, Shekara ta zuba ragowar irin.

Geron ya yi, gidansa ya ci har ya kai wata damina. Walƙiya kuwa ba ta sake taruwa ba, kuma da aka buɗe iyaka bana samari suka koma cirani. Ranar kasuwar da ta wuce Iliyasu ya tare masu shiga motar Kano, ya tambayi kowannensu yaushe zai dawo da kuma gefen da yake iya bugawa.