Talatar Inna a Tagar Kashiya

Shekarar da aka cire wa Inna yanar idon dama, a wani asibitin kuɗi da ke hanyar Barkin Sale, sun yarda mu biya da kaɗan-kaɗan, amma ba za a taɓa na hagu ba sai an gama biyan na farko. Inna ta ce da cinikin doyar da take sarowa daga Kuta za ta biya, albashina na malamin makaranta ya ji da kansa. Ban yi gardama ba, don na san albashin.

Duk Talata sai ta yafa mayafi, ta hau keke napep, ta kai abin da ya samu. Haka ta saba tun zamanin wani tsohon malamin asibiti a Tudun Wada, wanda ya yi jinyar mahaifinmu. Shi littafin bashinsa a ka yake. Ka kawo kaɗan, ya tambayi yara, ya ce Allah ya ƙara buɗi. In sabuwar doya ta fito a kai masa biyu, yana faɗa yana karɓa. A wurin Inna, mutunci shi ne mai binka bashi ya riƙa ganin fuskarka.

Bayan wata huɗu na je jin ranar aikin ido na biyu. Kashiyar, wata Banufiya mai fara'a, ta juyo mini da kwamfuta. Ashe duk zuwa sai an cire kuɗin hidima kafin a taɓa uwar kuɗin, komai ƙanƙantar abin da ka kawo. Wata huɗu Inna na sayen rasit da tsada, idon hagu kuwa na ƙara dushewa. Ni da na shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban karanta ƙasan takardar da na sa wa hannu ba.

Na koma gida na roƙe ta ta riƙa tarawa, ta kai sau ɗaya a ƙarshen wata. Ta dube ni da idon da aka gyara.

"To, su ce na gudu ke nan?"

"Inna, ai kwamfuta ba ta cewa komai."

"Shi ya sa ba ta da albarka."

Sai da muka kwana uku kafin a yi sulhu. Kuɗi ƙarshen wata, amma Talata tana nan. Ta ci gaba da zuwa hannu rabbana, ta tsaya a taga, ta gaishe da kashiya, ta tambayi mutanen Bida, ta ce tana sane, ba ta manta ba. Na lissafa kuɗin keken, na ga sun kusa cinye abin da muka tsirar, na bar lissafin a cikina.

Kafin damina aka gyara idon hagu. Ranar da aka kwance bandejin, ta ƙi tafiya gida sai da ta biya ta taga da doya biyu. Kashiya ta ce dokar asibiti ta hana. Inna ta ajiye su a ƙasa, ta ce ita ma nata kuɗin hidimar ke nan, kuma ba ta neman rasit.